Wasiƙa daga Ingila: Ku ƙirga awanninku kafin ku biya kuɗin karatu ta intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, manya da ƙanana. Ina gajiya, yaya iyali? Da fatan kowa yana lafiya.

Tambayar da ta fi zo mini daga gida kwanan nan ita ce yadda ake fara karatun jami'a ta intanet. Maimakon in bi kowa da amsa ɗai-ɗai, ga ta nan a rubuce, bisa abin da nake gani a Open University ta nan Ingila, inda nake karatu da dare bayan na tashi daga aiki.

Jami'ar ta daɗe a wannan fage. An kafa ta a 1969, zamanin Firaminista Harold Wilson, ɗalibanta na farko suka fara a 1971, lokacin ana aika musu littattafai ta gidan waya, lacca kuma su kama ta a rediyo da talabijin na BBC. Yau yawancin karatun ya koma intanet, amma ƙofar tana nan a buɗe kamar da: yawancin kwasa-kwasan digirin farko ba a tambayarka sakamakon sakandare. A nan mutane ke ruɗuwa. Shiga ba wuya, zaman ne aiki.

Ga lissafin. Cikakken digiri kiredit 360 ne, wato ma'aunin nauyin karatu da ake tarawa darasi bayan darasi. Darasi ɗaya mai kiredit 60, jami'ar da kanta ta ce yana cin awa 16 zuwa 18 a kowane mako, kuma mai ɗaukar guda ɗaya a shekara sai ya yi shekara 6 kafin ya gama. To, kafin ka tura ko sisi, ɗauki takarda ka zana makonka. Cire lokacin aiki ko kasuwa, cire sallah da barci, cire biki da suna da zaman makoki, waɗanda a wurinmu ba a cewa ba za a je ba. Abin da ya rage shi ne jarinka. In bai kai ba, ɗauki ƙaramin darasi, babu abin kunya a ciki. Mai ɗaukar biyu a tashin farko don ya gama da wuri, sau da yawa shi ke fara ajiyewa. 'Yan uwa mata masu aure, ku zauna da maigida da mutanen gida a yanke awannin tun kafin a fara, domin wanda ya gan ki zaune da waya ba zai san kina cikin aji ba.

A makon farko kada ka yi gaggawar shiga karatu. Fara buɗe jadawalin darasin, ka kwafe ranakun miƙa jinga gaba ɗaya, ka manna a bangon ɗaki. Babu mai kiran suna, babu abokin kujera da zai taɓa ka ya ce gobe ne fa. Ka kuma lura da agogon wace ƙasa ake bi. Nan Ingila ana sauya agogo a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, saboda haka kimanin wata bakwai a shekara lokacinmu ɗaya da na Najeriya da Nijar, sauran watannin kuma kun riga mu da awa ɗaya. Mai karatu a jami'ar Amurka, ratarsa ta fi haka nesa ba kusa ba.

Sai malami. Mun taso da kunyar malamai, muna ganin yawan tambaya rashin ladabi ne. A wannan tsarin, ɗalibin da ya yi shiru kamar babu shi. Rubuta wa malaminka tun farko ka gabatar da kanka. In ka hango ba za ka cika wa'adi ba, nemi ƙarin kwanaki kafin ranar ta zo, don bayan ta wuce magana ta canza. Kuma ku yi hattara da kwafo rubutun wani a manna: akwai manhajoji irin su Turnitin da ke gano shi, hukuncin kuwa yana iya kaiwa ga kora.

Na san wuta da data ne ciwon kanku a gida. Sauke littattafai da bidiyo lokacin da netwok ke da ƙarfi, ka miƙa jinga kwana ɗaya kafin wa'adi. Waya ta isa karatu, amma dogon rubutu yana son kwamfuta, ko ta aro ce.

Abu ɗaya da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake cakuɗa takardar shaida da digiri. Shafukan koyarwa ta intanet na Coursera da edX, waɗanda duk aka kafa a 2012, suna da darussa masu kyau ƙwarai, amma shaidar kwas na 'yan makonni ba digiri ba ce. In aikin gwamnati kake hari da takardarka, bincika matsayin makarantar a wurin hukumar jami'o'i ta NUC tukuna. Ka kuma tuna kuɗin waje da fam ko dala ake biya, ga yadda naira ta koma tun 2023. Ni a ganina, mai zaune a gida ya fara duba NOUN, wato jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, wadda ke da cibiyoyin karatu a jihohi, ko cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya. Da naira za ka biya, kuma in matsala ta taso akwai ofishin da za ka je da ƙafarka.

Masu son Open University ta nan ɗin kuwa, yawancin darussa suna farawa a Oktoba, wasu a Fabrairu, kuma ana rufe rajista makonni kafin nan.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan'uwanku,
daga Birmingham