Game Boy ɗin da na tarar a adakar Inna

A ƙaramar sallar da ta wuce na je gida Tawa. Tun da asuba motarmu ta baro Yamai, ta bi ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ba mu shiga gari ba sai bayan la'asar. Kwana biyu da zuwana Inna ta ce in jawo mata tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado, tana son ta ciro zannuwan da za ta rabar. Can ƙasan kayan, naɗe cikin wani ɗankwali, sai ga Game Boy ɗina, ƴar na'urar wasan nan da ake riƙewa a hannu. Jikinsa ya koma ruwan ɗorawa, kaset ɗin wasan Super Mario Land kuma yana nan soke a bayansa yadda na bar shi.

Na ce, "Inna, ashe ba ki yar da wannan ba?"

Ta ce, "In yar da tsarabar da yayana ya kawo maka? Allah ya jiƙansa, ai a aljihun rigarsa ya riƙo shi tun daga Abijan."

Kawuna yana cikin ɗimbin mazan Adar da ke tafiya neman kuɗi bakin teku, su yi shekara ɗaya ko biyu kafin a sake ganinsu. A tsakiyar shekarun 1990 ya dawo da wannan abu, na hannu ne ya saya, da kaset guda ɗaya tak. Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urar da wasan tare a 1989, wato lokacin da ya iso hannuna ya riga ya tsufa a wasu ƙasashe. A unguwarmu kuwa ba a taɓa ganin irinsa ba.

Da na buɗe murfin batir sai gabana ya faɗi, don na bar batura huɗu a ciki tsawon shekarun nan, sun zubar da farin gari sun cinye ƙarafan. Na kai wa wani mai gyaran salula a bakin kasuwa. Saurayi ne da bai kai shekarun na'urar ba, amma hannunsa na da natsuwa. Ya goge ƙarafan da auduga da ruwan lemun tsami, saboda abin da batir ke zubarwa ɗan'uwan kanwa ne, tsami ke kashe shi. Muka sa sababbin batura. Sunan Nintendo ya sauko daga saman allo amma a dagule, ya tsaya cak. Na ciro kaset zan hura masa iska kamar yadda muka saba, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, kar ka hura. Damshin baki ne ke sa su tsatsa." Ya goge haƙoran kaset ɗin da alkol na farmasi. Na'urar tana karanto wannan suna ne daga cikin kaset ɗin kansa, in bai fito daidai ba ba za ta wuce gaba ba. Shekara da shekaru muna hurawa muna ganin dabararmu ce ke aiki, alhali cirewa da mayarwa ne ke kankare dattin. Saura wasu layuka na tsaye da suka ɓace a gefen allon. Ya buɗe cikin, ya bi kan siririyar igiyar da ke ƙasan allo da ƙarfen narka dalma a hankali, layukan suka dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya. Jika biyu ya karɓa.

Na zauna gindin dogon yaron ƙofar gidanmu, inda muke zama da, domin allon ba ya da fitila: sai ka nemi haske ka karkata shi, ka murza ɗan abin da ke gefen hagu har baƙin ya fito. Launi huɗu ne kawai, daga kore mai haske zuwa mai duhu. Kiɗan zangon farko yana tashi na ji tsigar jikina ta tashi. Yatsuna sun tuna abin da kaina ya manta. Na san bututun da ake shiga a kwashi kuɗi, waɗanda muke ce wa dala, na san kunkurun nan in ka taka shi sai ka yi maza ka kauce, don fashewa yake yi. Ƙwallon da Mario, ɗan mutumin da kake sarrafawa a wasan, ke jefawa bayan ya ci fure yana dukan ƙasa ya tashi a karkace, yana karo da bango yana dawowa, har kuɗi yake kwaso maka daga lungun da ba ka isa shiga ba. Ƙasar farko mai dalar Masar da ta biyu mai ruwa, inda ake shiga jirgin ƙarƙashin teku a yi ta harbi, na wuce su ban rasa rai ko ɗaya ba.

A ƙasa ta uku, mai manyan kawunan dutse, nan na tsaya. Akwai wurin da ƙasa duk tsini ce, sai ka hau kan wani dunƙulen dutse mai tsalle ya ƙetare da kai. Na faɗi, na sake faɗuwa, rayukana suka ƙare. Wasan ba ya ajiye inda ka tsaya, in ka kashe na'urar ko rayuka suka ƙare maka ba ka tara maki dubu 100 ba, sai ka koma farko.

A nan ne na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Iyakar abin da yatsuna suka sani shi ne iyakar inda muke kaiwa muna yara, kuma ba wuyar wasan ce ta tsayar da mu a wurin ba. Batir ne da layi. Mu shida ne ko bakwai, dokarmu kuwa in ka mutu sau ɗaya ka miƙa wa na kusa da kai. Batura huɗu sukan kai awa goma sha biyar ko fiye, amma a hannun yara bakwai wannan kwana biyu ne. Mukan shanya su a rana, mu ɗan cije su, mu ari na ƙaramar rediyon Baba mu mayar kafin lokacin labaran yamma. In ƴar jar fitilar gefen allo ta fara dushewa, kowa ya san tafiya ta zo ƙarshe. Ni a raina wasan nan duniya ce da ba ta da iyaka. Ashe zango 12 ne kacal, uku-uku a ƙasashe huɗu, wanda ya ƙware yakan gama shi cikin minti talatin zuwa arba'in.

Ban raina shi don wannan ba, sai ma girmansa ya ƙaru a idona. Gunpei Yokoi, wanda ya jagoranci ƙera na'urar da wasan, da gangan ya zaɓi allo marar launi marar fitila don abin ya yi arha kuma batir ya daɗe. Game Gear ta kamfanin Sega mai launi ce, amma batura shida take lanƙwamewa cikin ƴan awanni. Da irinta kawu ya kawo, da mako guda za ta yi a hannunmu ta koma ado. Mutumin ya rasu a hatsarin mota a 1997, daidai shekarun da muke rububin abin da ya ƙera a gindin bishiyar nan.

Ina cikin fama da dutsen mai tsalle sai ɗan ƙanwata, mai shekara goma, ya zo ya dafa kafaɗata. Ya saba da wasannin salula masu launi, na zaci zai yi tsaki ya tafi. Ya tsaya yana kallo har na faɗi sau uku, sannan ya ce, "Kawu, sauri kake yi. Bari dutsen ya sauko tukuna." Gaskiyarsa. Mai riƙe da na'ura idonsa na kan Mario, mai kallo shi ke ganin allon gaba ɗaya. Haka muka koyi zangunan farko da, kowa ya kalli mutuwar mutum shida kafin layi ya zo kansa. Ni kaɗai da cikakken batir na fi zama baƙo a wasan fiye da lokacin da nake jiran layi.

Sai muka dawo da tsohuwar doka: wanda ya mutu ya miƙa. Na nuna masa cewa ƙofa biyu ce a ƙarshen zango, ta sama ita ke kai ka wurin cin ƙarin rai, don haka a ƙasashen farko masu sauƙi ake tara guzuri. Shi kuma ya gano cewa dodon ƙarshen ƙasa ta uku ba dole sai an kashe shi ba, in ka samu ka wuce ta kansa ka taɓa maɓallin da ke bayansa an gama. Ƙasa ta huɗu, mai kama da Sin, ban taɓa sa ƙafa cikinta ba sai ranar. Akwai wasu masu tsalle-tsalle da in ka taka su sukan kwanta ɗan lokaci su sake miƙewa, sun ci mana rayuka da yawa.

Ran na huɗu da hantsi muka kai zangon ƙarshe, na jirgin sama. Layi ya faɗo kan yaron daidai gaban Tatanga, dodon da ya sace gimbiya Daisy. Ya miƙo mini, ya ce, "Kawu, naka ne." Na ce masa doka doka ce. Na dafa kafaɗarsa ina faɗa masa ta inda harbi ke zuwa, har jirgin dodon ya tarwatse. Inna ta leƙo daga zaure don jin ihunmu, na ce mata mun gama wasan kawu. Ta yi shiru kaɗan, ta yi masa addu'a, ta koma ciki.

Ranar da zan koma Yamai na sayi batura takwas na ba yaron tare da na'urar, na ja masa kunne ya riƙa cire su in zai ajiye, kuma kar ya hura kaset. Bayan mako guda ya kira ni da wayar uwarsa. Ya ce in an gama wasan aka sake farawa abokan gaba sun fi yawa, kuma yanzu su biyar ne a gindin dogon yaro, har da ƴar maƙwabta da ta fi su duka iya hawan dutsen.