Ɗalibin injiniya, ba sai da farar mota ake aikin agaji ba

Ƙannena ƴan politeknik na Marwa da ƴan ENSAI, makarantar injiniya ta Ngaundere a nan Kamaru, tambayar da kuka fi turo min ita ce wai ta ina ake shiga aikin agaji, kuma in na tona sai in ga abin da ake nufi shi ne ta ina ake shiga ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta, mai farar mota da albashi mai kauri. Toh ba laifi ba ne, kowa na son ya ci. Amma ni dai a ganina ƙofar tana nan cikin unguwarku, famfon foraj (rijiyar burtsatse) ɗin nan da ya mutu tun bara kowa ya saba da shi haka.

Ku ɗauki memuwar, wato kundin binciken ƙarshen karatu. Dole ne za ka rubuta shi, ko kana so ko ba ka so, to me zai hana ka je wurin malaminka da matsala ta gaske tun kafin ya miƙo maka taken da ya ga dama? Ka zagaya ƙauyuka biyu ko uku, ka ƙirga famfunan da ke aiki da waɗanda suka tsaya, ka tambayi dalili. In famfon hannu ne samfurin India Mark II, yawanci sarƙa ce ko roba ta cinye ko bututun ƙarfe ya yi tsatsa, in Vergnet ne wanda ake takawa da ƙafa, robar can ƙasa ce ke fashewa. Sau da yawa ma ba ƙarfen ba ne matsalar, kwamitin kula da famfon ne ya watse, kuɗin da mata ke tarawa duk wata ba a san inda ya shiga ba, mai gyara kuma yana can nesa ba wanda zai biya masa man moto. Wallahi wannan ma aikin injiniya ne, ko da ba a kawo shi a jarrabawa. Kuma kar ka shiga gari da takarda da biro kai tsaye kaman ɗan sanda, fara gaida jauro ko lawan, in Fulatancinka ba ya tafiya ka nemi aboki ya raka ka.

Wurin sitaj, wato koyon aiki, kuma kowa na rububin manyan ƙungiyoyi, alhali tun 2010 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi kula da rijiyoyi da foraj a inda ruwan famfo bai kai ba. Ka kai takardarka meri, wato ofishin ƙaramar hukuma. Ba za ka samu sanyin ofis ba amma za ka fita daji da masu gyara, hannunka zai taɓa sifana.

Masu son ganin yadda ake aiki cikin gaggawa, ku yi rajista da ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge (Red Cross) tun kuna aji ɗaya. Ambaliyar 2024 a Yagwa ta nuna mana me ake nufi, kogin Logon ya cika, gada ta karye, mutane sun koma tanti, nan take sai maganar masai da ruwan sha da tsoron kwalara. A irin wannan wuri ma'aunin Sphere, wato ƙa'idojin aikin agaji na duniya, ake bi, aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana, kuma wurin ɗiban ruwa kar ya wuce mita 500 daga gida. Ka san wannan lissafin kafin ranar ta zo. Ƴan informatik ma ba ku da uzuri, da kwamfuta da ɗan intanet za ku iya zana hanyoyi da gidajen ƙauyukanku a taswirar intanet ta OpenStreetMap, masu agaji na amfani da ita sosai.

Sansanin ƴan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, shi ma makaranta ne ga ƴan sashen makamashi, can mata na yin gawayi da ɓawon gyaɗa da ragowar amfanin gona don a rage sare itace. Sai dai ba a shiga haka kawai, da izini ake shiga, ta hannun makaranta za ku bi.

Abu ɗaya da nake fatan wani cikinku ya ɗauka shi ne maganar sinadarin fuloraid a ruwan rijiyoyin yankin Mayo Tsanaga, wanda ke rina haƙoran yara. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 1.5 ne a lita, kuma akwai rijiyoyin da suka wuce haka. Ana iya tace shi da gawayin ƙashi, ƙashi kuwa ga shi nan jibge a mahautar Marwa.