Dokin tagulla na Sent Josef

Daga Kansas Siti zuwa Sent Josef, a jihar Misuri ta Amurka, tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, arewa sak, gonakin masara hagu da dama. Abokin da ya ɗauko ni ya so mu fara da gidan da aka harbe ɗan fashin nan Jesse James a 1882. Na ce masa ya yi haƙuri, ni doki na zo gani.

Dokin na tagulla ne, yana wani dandali kusa da ofishin magajin gari. Hermon MacNeil ne ya ƙera shi, aka buɗe shi a Afrilun 1940, shekara 80 bayan mahayin farko na Pony Express, wato hidimar kai wasiƙu a kan dawaki, ya bar garin nan da wasiƙu. Wanda ya tashi yana kallon hawan Sallah ba ya rasa abin dubawa a jikin doki, don haka na zagaya shi a hankali. Maƙerin ya san aikinsa. Dokin ya miƙe cikin sukuwa, jijiyoyin cinyarsa sun fito, mahayin ya duƙa gaba ya ba shi linzami. Babu jalala, babu kwalliya ko ɗaya. Wannan hawan aiki ne, kuma an nuna shi a hakan.

Me ya sa Sent Josef? A 1860 nan layin dogo da wayar tangaraho suka tsaya daga gabas. Daga nan zuwa Sakramento ta Kalifoniya kusan mil 1,900 ne na fako, duwatsu da hamada. Wasu 'yan kasuwa uku masu safarar kaya, Russell da Majors da Waddell, suka yi alkawarin kai wasiƙa cikin kwana 10, suka fara ranar 3 ga Afrilu.

Mun gangara bargar da dawakan suka kwana, wadda yanzu gidan tarihi ce. A nan na ga abin da ya fi tsaya mini a rai: wata shimfiɗar fata mai aljihu huɗu na saka wasiƙu da ake ɗorawa kan sirdi, mahayi ya zauna a kanta. In ya iso zango, sai ya fizge ta ya jefa kan sabon doki ya wuce. Doki na canzawa bayan mil 10 zuwa 15, mahayi kuwa bayan mil 75 zuwa 100. Fatar ce kaɗai ke yin tafiyar daga farko har ƙarshe. Kuɗin aika wasiƙa da fari dala 5 ne kan rabin oza, shi ya sa ake rubutu a takarda mara nauyi. Jawabin kama mulki na Shugaba Linkon a 1861 ya isa Kalifoniya cikin kwana 7 da awa 17.

Sai dai mutum-mutumin ya nuna mutum ɗaya da dokinsa, alhali aikin na jama'a ne. Washegari muka yi yamma zuwa Marisbil a jihar Kansas, inda wata tsohuwar barga ta dutse ta 1859 take tsaye har yau. Da na shiga, masu tsaron zango na tuna. Su ne ke zaune a daji wata da watanni, suna ɗibar ruwa, suna ba dawaki ci, suna ɗaura sirdi kafin ƙurar mahayi ta bayyana. A Mayun 1860, da yaƙi ya ɓarke a Nebada tsakanin baƙi fararen fata da 'yan ƙabilar Payut, waɗanda aka mamaye musu ƙasa da wuraren shan ruwa, zangunan aka ƙona, masu tsaronsu aka kashe. Mahayi na da doki mai gudu a ƙarƙashinsa. Mai zango ba shi da inda za shi. Ban ga laifin a karrama mahaya ba, amma na so a ce waɗannan ma, da Payut ɗin kansu, sun sami wuri a dandali.

Kamfanin bai ci riba ba, asara ya tafka. Ranar 24 ga Oktoban 1861 aka haɗa wayar tangaraho daga gabas zuwa yamma, bayan kwana biyu aka sanar da rufe Pony Express. Duka aikin bai kai wata 19 ba.