Ranar da jan biro ya cinye rabin labarina

Laraba, da dare.

Yau ne Malam ya dawo mana da aikin da muka miƙa ranar Litinin, kuma tun kafin takardata ta iso hannuna na hango yadda jan biro ya yi mata kaca-kaca daga sama har ƙasa. Kalmomi 620 na rubuta, amma abin da ya tsira bai kai 250 ba. Wata uku ke nan da na fara wannan kwas na aikin jarida da tace labarai, kuma na shigo shi ne da yaƙinin cewa na riga na iya rubutu, saboda tun ina makarantar sakandare ake yaba insha'ina, har akan karanta shi a gaban aji. A zatona abin da ya rage mini shi ne in san sunayen abubuwa in karɓi takardar shaida. Yau wannan zato ya sha kashi.

Aikin da kansa ba mai wuya ba ne a ido. Malam ya raba mana takarda guda mai ɗauke da bayanan wata gobara da ya ƙirƙira domin gwaji, wadda ta tashi a wani ɗakin ajiyar kaya: akwai sanarwar hukumar kashe gobara, da bayanin kakakin 'yan sanda, da maganganun ganau biyu, da 'yar gajeriyar magana daga mai ɗakin ajiyar. Ya ba mu minti 40 mu mayar da su labari. Ni kuwa sai na buɗe nawa da hayaƙin da ya turnuƙe sararin sama, da jiniyar motoci, da yadda mutane suka yi cirko-cirko suna kallon dukiya tana zama toka. Na ji daɗin wannan sakin layi ƙwarai a lokacin da nake rubuta shi. Malam ya zana masa layi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rubuta a gefe: "Ina labarin?" Sannan ya ja wata doguwar kibiya daga sakin layi na biyar zuwa saman takardar.

A sakin layi na biyar ɗin ne na faɗi abin da ya faru, da inda ya faru, da lokacin, da waɗanda abin ya shafa. Wannan darasi ba sabo ba ne gare ni, domin tun makon farko aka koya mana tambayoyi shida da labari yake amsawa: wa, me, ina, yaushe, don me, kuma ta yaya. An kuma zana mana dala a kife, wato tsarin da ake ɗora mafi muhimmancin bayani a sama, sauran su biyo baya gwargwadon nauyinsu, ta yadda idan edita ya datse labarin daga ƙasa saboda ƙarancin fili, mai karatu ba zai rasa komai mai muhimmanci ba. Na haddace wannan har na ci shi a jarrabawar gwaji, amma da aka ba ni gobara da minti 40, sai hannuna ya koma ga abin da ya saba.

Malam, wanda ya shafe shekaru a teburin tace labarai kafin ya koma koyarwa, ya ɗan tsaya a kan tarihin wannan tsari. Ya ce akan danganta shi da zamanin tangaraho a ƙarni na 19, lokacin da ake biyan kuɗin saƙo bisa yawan kalmomi, kuma waya tana iya katsewa ana tsakiyar aikawa. A wannan zamanin ne kamfanonin dillancin labarai suka kafu. Wasu jaridun birnin New York suka haɗa kai a 1846 domin su raba kuɗin samo labarin yaƙin Amurka da Meziko, abin da ya zama Associated Press, sannan Paul Julius Reuter ya buɗe ofishinsa a Landan a 1851, bayan ya yi amfani da tattabaru wajen kai farashin hannun jari tsakanin Brussels da Aachen. Kamfanin da yake sayar wa jaridu masu saɓanin ra'ayi labari ɗaya dole ne ya rage ado ya tsaya a kan abin da ya faru. Na rubuta wannan a littafina, kuma na fahimci cewa mai karatu a waya yau bai fi mai tangaraho haƙuri ba.

Da a nan gyaran ya tsaya, da na dawo gida da ɗan ɓacin rai kawai. Abin da ya fi ƙona mini rai yana cikin wannan sakin layi na biyar ɗin da Malam ya ɗaga sama, inda na rubuta cewa mutum biyar sun rasu a gobarar. Ya kewaye lambar da da'ira biyu, kuma bai rubuta komai a gefenta ba, sai da aka zauna ya kira ni a gaban kowa.

"Ke, daga ina kika samo mutum biyar?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yana cikin takardar da ka ba mu."

"Karanta mana wurin."

Na duba na karanta. Ɗaya daga cikin ganau ɗin ne ya ce ya ji ana cewa mutum biyar sun rasu. Sanarwar hukumar kashe gobara ta ce mutum biyu sun jikkata an kai su asibiti, ba ta ambaci mutuwa ba, haka ma kakakin 'yan sanda. Wato mutumin da na dogara da shi ba ganau ba ne a kan wannan batu, jiyau ne, kuma ni na cire "ya ji ana cewa" na bar lambar tsirara kamar na ƙirga gawawwakin da idona. Malam bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in tuna cewa kowane ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan wuri yana da uwa ko mata da za ta karanta labarin kafin wayarsa ta shiga. Da ya tambayi aji, sai ya zamana fiye da rabinmu mun faɗa wannan ramin, wanda da gangan ya haƙa shi. Hakan bai rage mini kunya ba ko kaɗan.

Daga nan ya shiga batun kalmomin da ake jingina magana da su, kuma a nan ne na ga zurfin abin da nake ɗauka ƙarami. A labarina na gaji da maimaita "ya ce", saboda an koya mini a insha'i cewa maimaici aibi ne, don haka na riƙa sauya ta: mai ɗakin ajiyar "ya amsa cewa" akwai man fetur a ciki, kakakin 'yan sanda "ya tabbatar", ganau "ya yi iƙirarin". Malam ya soke su duka ya mayar da "ya ce". Bayaninsa shi ne, "ya amsa" tana nuna an tuhumi mutum da laifi ya kasa musantawa, "ya tabbatar" tana nufin ni marubuciya na yarda da maganar, "ya yi iƙirari" kuwa tana raɗa wa mai karatu cewa ban yarda ba. Kowace daga cikinsu hukunci ce da na yanke ba tare da na sani ba. "Ya ce" ita kaɗai ce ba ta ɗauki ɓangare ba, kuma idon mai karatu yana wuce ta ba tare da ya gaji ba. Haka ya yi da kalmar "sakaci" da na liƙa wa mai gadin wurin, alhali 'yan sanda cewa suka yi suna bincike. Kalma irin wannan, in ji shi, ita ce take kai jarida kotu a kan ɓata suna, kuma ko da an ambaci zargi a kan mutum, wajibi ne a nemi jin ta bakinsa kafin a buga.

Domin kada mu ɗauka wannan ciwon 'yan koyo ne kawai, ya nuna mana hoton nan na shugaban Amurka Harry Truman yana dariya, ɗauke da jaridar Chicago Daily Tribune ta 3 ga Nuwamba 1948, wadda babban kanunta ya ce abokin takararsa Dewey ya kayar da shi, alhali shi ne ya ci zaɓen. Jaridar ta shiga injin bugawa kafin sakamako ya kammala, ta buga hasashe a matsayin labari. Ya kuma ambaci Janet Cooke ta jaridar Washington Post, wadda ta rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 8 mai shan hodar heroin a 1980, ta ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida a Amurka, a 1981, sannan aka gano babu yaron, aka mayar da kyautar. Na ƙarshe shi ne Claas Relotius na mujallar Der Spiegel ta Jamus, wanda asirinsa ya tonu a Disamba 2018, duk da cewa mujallar tana da sashe na musamman na masu bin diddigin bayanai, kuma abokin aikinsa Juan Moreno ne ya dage har aka gano ƙirƙire-ƙirƙirensa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Cooke da Relotius duka gwanayen rubutu ne. Daɗin rubutunsu ne ya sa masu tacewa suka sassauta tambaya. Ni da na shigo ina tinƙaho da iya tsara jimla, wannan bai yi mini daɗin ji ba.

Bayan hutu aka juya lamarin. Malam ya sa muka yi musayar takardu, kowa ya tace labarin na kusa da shi, wannan karon wani tsohon aiki ne a kan kuɗin wata ƙungiya. Laifi tudu ne, kuma na hau nawa na hango na abokiyar zamana tsaf. A layi na uku ta rubuta cewa "an bata kuɗin a watan jiya". Na tsaya a kan wannan jimla na kusan minti biyu, domin tana iya zama "an ba ta kuɗin", wato an miƙa wa ma'ajiyar ƙungiyar, tana kuma iya zama "an ɓata kuɗin", wato an salwantar da su. Tazara ɗaya tsakanin kalmomi da ƙugiya ɗaya a kan harafi su ne suka raba mace mai amana da wadda ake zargi da cin dukiyar jama'a. Da na tambaye ta, sai ta ce na farkon take nufi. A da ina ganin masu nacewa a kan ƙa'idojin rubutu, da barin tazara a kalmomi irin su "ya ce" da "ba ta", da bambanta "ƙasa" da "kasa" ko "baƙi" da "baki", mutane ne masu son wahalar da kai. Yanzu na sa allon rubutu mai haruffan ƙugiya a wayata da kwamfutata, kuma ban ga dalilin da zai sa in sake aika rubutu babu su ba.

Sai dai ni ma na wuce gona da iri. Da na ji daɗin riƙe jan biro, sai na shiga sake mata jimloli da babu abin da ya same su, kawai don ba haka zan faɗe su ba. Malam ya zagayo ya tsaya a kaina, ya sa yatsa a kan wani gyara da na yi, ya tambaye ni kuskuren da ke cikin jimlarta ta asali. Na ce babu, amma tawa ta fi daɗi. Ya ce in mayar mata da abarta. A cewarsa edita yana taɓa rubutu ne idan akwai kuskure, ko duhu, ko abin da zai jawo ƙara, ko kalmar da ba ta aikin komai, kuma duk gyaran da ba zan iya faɗin dalilinsa ga marubuci ba, son rai ne. Na goge gyare-gyare bakwai daga cikin goma sha biyu da na yi.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin inda zan dosa bayan kwas ɗin. Da farko burina shi ne in zama wakiliya mai fita neman labari, wadda sunanta yake fitowa a saman rubutu. Aikin tacewa ban taɓa kallonsa da sha'awa ba, domin mai yinsa ba a ganinsa sai ranar da kuskure ya kuɓuce masa. Amma minti biyun da na yi a kan "an bata kuɗin" sun ba ni wani irin gamsuwa da ban samu a sakin layin hayaƙina ba. Malam ya sha gaya mana cewa masu ɗaukar aiki sun fi duba samfurin abin da mutum ya rubuta da gwajin da za su yi masa a take fiye da takardar shaida, kuma wanda ya iya tacewa yana da ƙofofi a gidajen rediyo da kamfanonin ɗab'i da ofisoshin yaɗa labarai, ba a jarida kaɗai ba. Ban yanke shawara ba tukuna, amma na ƙara darasin tacewa na zango mai zuwa a jerin waɗanda zan ɗauka.

Da ƙarfe tara na zauna na sake rubuta labarin gobarar daga farko. Jimlar buɗewa ta ce mutum biyu sun jikkata a gobarar da ta tashi a wani ɗakin ajiyar kaya ranar Lahadi da dare, in ji hukumar kashe gobara. Maganar mutum biyar na cire ta gaba ɗaya, bayan na yi ta jujjuya ko in sa ta a ƙasa tare da bayanin cewa ba a tabbatar ba. Na ga jita-jitar mutuwa ba ta cancanci ko layi ɗaya ba matuƙar babu majiya ta biyu. Na bi kowace jimla da fensir ina rubuta majiyarta a gefe, kuma biyu da suka rasa majiya suka tafi. Na karanta shi da ƙarfi sau biyu, na cire "wanda" guda huɗu da wata "domin kuwa" da ba ta riƙe komai ba. Ya tsaya a kalmomi 238.

Sakin layin hayaƙin ban iya goge shi ba. Na kwafe shi zuwa wani fayil dabam, ko zai yi amfani ranar da aka ba mu rubutun sharhi ko labari mai tsawo, inda Malam ya ce ado yana da wurinsa. Na aika sabon aikin da ƙarfe goma da kwata. Gobe da safe darasin hira ne, an ce kowa ya zo da tambayoyi goma waɗanda ba za a iya amsa su da "e" ko "a'a" ba, kuma zuwa yanzu shida kawai na rubuta.