Amaryar bazara da amaryar hunturu ba ɗinkinsu ɗaya ba

Da an sa rana, yawancin amare sai su shiga tara hotunan ɗinki a waya. Kalanda ya kamata a fara dubawa. A Garwa da Marwa da Kuseri, a arewacin Kamaru, zafi kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ruwa ya kankama daga Yuni zuwa Satumba, hunturu da ƙurarsa su riƙe Disamba zuwa Fabrairu. Ngaundere tana kan tudu, ita da sauƙi. Rigar da kika gani jikin wata a ɗakin taro mai sanyi, ke ƙarƙashin rumfa za ki sa ta, kuma wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar kamu.

Idan bikin na bazara ne, leshi mai nauyi a bar shi ga zaman dare. Da rana atamfa ta auduga ko laffaya marar nauyi sun fi. Abin da ke dafa amarya sau da yawa shafin ciki ne. Tela zai sa na roba don ya fi araha kuma ya fi tsayar da riga, gumi ya rasa hanyar fita, kafin la'asar hammata da gadon baya sun yi shata a hoto. Ki sayi shafin auduga da kanki ki kai masa. Duwatsun ado ma a tambaya, ɗinka su za a yi ko liƙawa? Na liƙi suna zubewa da zafi da guga. Amaryar damina kuwa ta manta da riga mai jan ƙasa, taɓon ƙofar gida zai gama da ita tun ba a shiga mota ba.

Turmin atamfa yadi 6 ne, yana isar riga da zani da ɗankwali. Leshi galibi yadi 5 ake yankawa, don haka doguwar mace mai son hannu mai faɗi ta ƙara tun a kasuwa. Shadda ba a jiƙa ta kafin ɗinki, ƙyallinta zai mutu. Laffaya, wadda matan Njamena da Kuseri suka fi kowa iya naɗawa, ba ta buƙatar tela sai don rigar ciki, amma tana buƙatar koyo. Wadda ba ta saba ba ta yini da ita a gida sau biyu ko uku, ta zauna, ta tashi, ta durƙusa gaisuwa. In ba haka ba, ranar buɗar kai hannunta ɗaya zai ƙare a riƙon kafaɗa.

Anko a saye shi gaba ɗaya rana ɗaya, da rarar turmi biyu ko uku. Zane iri ɗaya daga wani bandir yakan bambanta a launi, kuma a hoto ake ganewa.

Tela a ba shi kaya sati 6 kafin biki, sati 8 in bikin ya faɗo kusa da sallah, don a lokacin ɗinkin sallah ya sha masa kai. A gaya masa ranar karɓa da ta riga biki da kwana 10. Gwaji biyu ake yi, na ƙarshe da takalmi da rigar maman da za a sa ranar, saboda su ke sauya tsawo da zaman ƙirji. A roƙe shi ya bar rarar yadi kamar yatsa biyu a kowane gefe. Jikin amarya ba ya tsayawa wuri ɗaya a watan biki: wata zirga-zirga ta rame da ita, wata kunun gyaran jiki ya ciko ta.

Gyaran jiki shi ne inda aka fi yin ɓarna, kuma duk daga rikita jeri ne. Dilka da turaren jiki na hayaƙi ana fara su sati 3 zuwa 4 kafin biki, a hankali. Halawa a yi ta aƙalla kwana 4 kafin sa lalle, don fata takan yi ja, wani lokaci da ƙananan ƙuraje, tana son hutu. Lalle ne ƙarshe. Duk dilkar da aka goga bayansa kankare shi take yi. Jan lalle yana son awa 4 zuwa 6 a jiki, ya fito ruwan goro, ya yi ta duhu har kwana biyu, shi ya sa ake sa shi saura kwana biyu ɗaurin aure.

Baƙin lallen da ke kamawa cikin rabin awa kuwa, rinin gashi ake zuba masa, mai sinadarin PPD. Yana iya tayar da ƙaiƙayi da bororo daidai bin zanen, ya bar tabo. Ga wadda ba ta taɓa yi ba, cutar kan ɗauki sati ɗaya ko biyu kafin ta bayyana, wato gwajin kwana ɗaya a bayan hannu ba ya wanke shi. Yaya ko gwaggon da ke tsaye kan amarya ta tambayi mai lalle abin da ta haɗa, ta ga kwalbar da idonta. Man bilicin ma haka: fuska ta yi fari, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, lallen ya zauna a kan dabbare-dabbare.

Mai kwalliya a gwada ta sati biyu kafin biki, da rana, a fita tsakar gida a ɗauki hoto. Hodar da ta fi fata haske toka-toka take fitowa. Kitso a yi shi saura kwana 3, goshi ya saki kafin a ɗora masa ɗauri.

Masu niyyar zuwa meri (ofishin magajin gari, inda ake auren hukuma) bayan ɗaurin auren masallaci su sani dokar Kamaru ta ce a liƙa sanarwar aure wata guda kafin ranar, kuma a can za a tambayi ango da amarya tsarin mace ɗaya ko fiye suka zaɓa, a rubuta a takarda. Wannan magana a gama ta tsakanin waliyyai tun a gida. Gwajin jini na sikila kuwa tun kafin a kai lefe ake yinsa.