Ranar da sakamakon ya fito

Laraba, da dare.

Yau cikina ya cika mako 25, kuma yau ne muka karɓi sakamakon gwajin ruwan mahaifa. Tun a hoton mako na 20 aka ga ramukan ruwa na cikin ƙwaƙwalwar yarinyar sun wuce milimita 10 a faɗi, daga baya kuma hoton MRI ya nuna cewa gadar da ke haɗa ɓangaren dama da na hagu ba ta kammala ginuwa ba. Daga ranar da likita ta ambaci cutar mitokondiriya cikin abubuwan da take zato, barci ya ƙaurace mini, domin na karanta cewa daga wajen uwa kaɗai ake gadon mitokondiriya, wato wasu ƙananan sassa da ke cikin ƙwayoyin jiki. Ban faɗa wa maigidana ba, amma na riga na ɗora wa kaina laifin.

Da muka zauna, sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko daga gare ni abin ya fito. Ta ajiye biro ta ce, "Malama, abin da kika karanta gaskiya ne, amma bai cika ba." Ta bayyana cewa mitokondiriya su ne ke samar wa ƙwayoyin jiki kuzari, kuma ƙwayoyin gado 37 kacal suke ɗauke da su, alhali sauran umarnin da suke aiki da shi, fiye da dubu, yana cikin kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, waɗanda ake samu daga uwa da uba. Matsalar 'yarmu wani canji ne da ya auku a kan wata ƙwayar gado mai suna PDHA1, a kuromosom X, kuma ba a ga canjin a jinina ko a jinin mahaifinta ba. A jikinta ya fara.

Aikin wannan ƙwaya shi ne taimakawa wajen sarrafa abin da aka samu daga sukari a cikin mitokondiriya don a ƙona shi. Idan aikin ya yi rauni, sinadarin laktet yakan taru a jini, ƙwaƙwalwa kuma, wadda sukari ne babban makamashinta, takan rasa ƙarfin ginuwa tun a mahaifa. Likitar ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, kuma na ga girmanta saboda haka. Ta ambaci yiwuwar farfaɗiya da jinkirin girma, ta ce wasu yaran suna samun sauƙi da bitamin B1 ko da tsarin ciyarwa mai yawan mai da ƙarancin sitaci, sannan a tsakanin 'yan mata tsananin cutar yakan bambanta ƙwarai.

A hanyarmu ta dawowa na faɗa wa maigidana abin da na ɓoye masa tsawon makonnin nan. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ma ya karanta maganar, ya ƙi tayar da ita ne don yana zaton ban gani ba.