Sawira, garin da iska ba ta hutawa

Da hantsi motarmu ta bar Marakesh ta ƙasar Maroko, a tsakiyar watan Yuli, gari ya riga ya ɗauki zafi irin na Sakkwato a bazara. Ma'aunin zafi ya haura 40 tun kwana uku da suka wuce. Maganin shaƙata yana aljihun gaba, inda ba ya rabuwa da ni, domin fuka ta same ni tun ina makarantar allo. A Kano, da zarar hunturu ya kama, hazo ya rufe Dala, ni da barcin kirki sai Fabrairu ta ƙare. Shi ya sa da aka ce mini zan je garin da Turawa ke rubuta sunansa Essaouira, mutanensa kuma su ce Sawira, kuma ana masa kirari da birnin iska na Afirka, sai gabana ya faɗi. A wurina iska da ƙura ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Tafiyar awa uku ce zuwa yamma. Bayan Shishawa ƙasa ta zama jangargari, sai itatuwan argan masu ƙaya, waɗanda matan yankin ke fasa ƙwallonsu su matse mai. Ban mai da hankali sosai a kansu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da muka hau wani tudu, teku ta bayyana a ƙasa, farin gari ya kwanta a bakinta. Direba ya tsaya domin a ɗauki hoto. Ina sa ƙafa a ƙasa iska ta fizge hulata, sanyi ya ratsa ni har ƙashi. A Yuli! Na ja numfashi a hankali ina jiran ƙirjina ya fara kukan da na saba ji. Shiru. Na sake ja, ya sauka har ƙasa. Na daɗe ban ji haka ba.

Masaukina yana cikin tsohon gari, gidan wani dattijo da ya yi shekaru yana kamun kifi kafin gwiwa ta hana shi. Da ɗan Larabcina da nasa haƙurin muka riƙa fahimtar juna. Ya dubi rigata ta shadda ya girgiza kai, ya shiga ɗaki ya fito da jallabiyar ulu mai hula a haɗe.

"Ɗana, sa wannan kafin la'asar," in ji shi.

"Baba, ai rani ne a nan."

"Ranin yana Marakesh. Nan taros ke mulki."

Taros shi ne sunan da suke kiran iskar da shi. Daga arewa take busowa, ta bi gaɓar Tekun Atlantika, tana fara ƙarfi a bazara, ta kai maƙura a Yuli da Agusta. Ruwan tekun wannan gaɓa sanyi gare shi, saboda wata igiyar ruwa da ke gangarowa daga arewa, wadda aka raɗa wa sunan tsibiran Kanari. Idan rana ta gasa tudu, iskar kansa ta yi zafi ta tashi sama, sai ta kan ruwa ta kwararo ta cike gurbin. Don haka safiya a Sawira lafiya lau take, wani lokaci ma da ɗan hazon ruwa mai laima, sai bayan azahar ƙofofi su fara bugawa. Da wuya zafin garin ya wuce 25 a watannin da Marakesh ke ƙuna, alhali tsakaninsu bai kai kilomita 200 ba.

Sarki Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ne ya sa aka gina garin a wajajen 1765, ya ɗauko wani Bafaranshe mai suna Théodore Cornut ya zana shi. Nan ayarin da ya taso daga Tambutu ke sauke kaya a zuba a jiragen Turai. A 2001 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ni dai ganuwar ce ta fi burge ni, saboda aikin da take yi har yau. A saman Sƙala, wato ɓangaren ganuwar inda aka jera manyan bindigogin tagulla suna kallon teku, sai na dafa bango kafin in iya tsayuwa, feshin gishiri yana dukan fuskata. Na sauko tsani ɗaya na shiga lungun masassaƙan katakon ar'ar, tsit, har ƙamshin itacen ya tsaya wuri guda.

Kada a ɗauka iskar ba ta da ɓarna. A bakin rairayi yashi take kwasa ta watsa wa mutum a ƙauri kamar allura, shi ya sa masu wanka kaɗan ne, sai samarin da ke ɗaure kansu da laima ta ja su a kan ruwa. Gishirin da take ɗaukowa yana cin ƙarfe, yana ɓare farar ƙasar bango. Dattijon ya nuna mini baƙin tabo a kusurwar ɗakina, ya ce na damina ne. Ruwansu da sanyi yake zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, ɗakuna su yi danshi, bango ya yi funfuna, masu ciwon ƙirji da na gaɓoɓi su sha wuya. Ya ce da na zo a Janairu, da ba zan yabi garin haka ba. Na yarda da shi, domin funfuna ma tana tayar mini da fuka.

Wani dare a dandalin Maulay Hasan na ji kiɗan Ginawa, jikokin bayin da aka ƙetaro da su Sahara. Ƙarafan da suke kaɗawa sambani ne sak, kuma a waƙoƙinsu ana ambaton Hausa da Bambara. Na tsaya a cikin jallabiyar aro, iska tana yanke sautin tana dawo da shi, hawaye ya zo mini.

A kwana na shida na farka ban ji bugun taga ba. Na fito na tarar tsuntsayen teku sun yi cirko-cirko a kan ganuwa, tutocin jiragen kamun kifi masu shuɗin fenti sun lanƙwashe. Ƙarnin kifin sadin da hayaƙin masu gasa shi, waɗanda kullum iska ke sharewa, sun taru sun tsaya a kan tashar. Kafin azahar sama ta yi fari-fari, tsibirin Mogador da ke gaban gari ya koma inuwa. Wani zafi busasshe ya taso daga tudu.

"Shargi ce," in ji dattijon, wato ta gabas. Daga Sahara take tasowa, ta haye tsaunukan Atlas, ta sauko da zafi da ƙura.

Bai buƙaci ya yi mini bayani ba. Leɓena ya bushe, hancina ya ji warin da ya sani tun yarinta. Ƙurar hunturunmu yawanci daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take, wannan kuma daga wani ɓangaren hamadar, amma ƙirjina bai bambance su ba. Ranar na shaƙi magani sau uku, karo na farko tun zuwana. Matar gidan ta jiƙa zane ta rataya a tagata, daidai yadda mahaifiyata ke yi a Kano, ta kawo mini shayin na'ana'a ta ce in zauna a ɗaki.

Kwana biyu muka yi a haka. A dare na biyu, wajen ƙarfe uku, ina zaune a bakin gado saboda kwanciya ta gagara, na ji ƙofar soro ta buga sau ɗaya, ta sake bugawa. Zanen tagar ya kumbura ya shigo ciki da sanyi da ƙamshin gishiri. Na ji takun dattijon a kan tsani, ya hau ya tokare ƙofar da dutsen da yake ajiyewa don haka. Da ya sauko ya ga fitilata a kunne, ya ƙwanƙwasa.

"Ɗana, ta dawo. Kwanta."

Ban ji kiran asuba ba sai da ya zo ya tashe ni.